Baiti na Biyu a Jana'izar Papa Zenon

Shekara da shekaru Alcide Fontenette yana jagorantar makaɗan wani otal a titin Canal, inda baƙar fata ba ya shiga sai ta ƙofar kicin. Fatarsa ta yi hasken da babu wanda ya taɓa tambayar asalinsa. Mutanen unguwarsu ta Treme sun san baƙar fata ne, amma suna bin abin da aka saba: wanda ya haye cikin farare, ko uwarsa ba ta gaishe shi a gabansu.

Sai Papa Zenon ya rasu, tsohon da ya koya masa busa saksofon. Cleophas mai ganga ya tare Alcide a lungun bayan otal, ya ce gobe da hantsi za a kai tsohon, kuma ta gaban otal za a bi. Ya tuna masa cewa in makaɗi ya mutu, babban ɗalibinsa ne ke busa baiti na biyu na waƙar makoki, shi kaɗai.

"To, Bature," in ji Cleophas, "za ka fito, ko bakin naka ma ya yi fari?"

Alcide ya ce zai duba.

Hantsi ya same shi a bakin otal, akwatin saksofon a hannu, Mista Hollis manaja na gefensa yana shan sigari. Ayarin ya taho a hankali, doki na jan akwatin gawa, makaɗa na biye suna busa waƙar makokin. Madam Eulalie, matar mamacin, wadda ta sha cika wa Alcide kwano da jan wake da shinkafa, ta dube shi kamar yadda ake duban sandar fitila, ta wuce.

Baiti na farko ya ƙare daidai gabansa. Masu busa suka sauke kayansu, ganga kaɗai ta ci gaba. Ba su ba kowa gurbin Alcide ba.

Yatsunsa suka fara tafiya da kansu a kan mariƙin akwatin. Ya san in ya sauka titin nan, aikinsa ya tafi, da gidan da yake haya a unguwar farare, da sunan da ake bugawa a jarida. Ya jira wani ya harare shi ko ya tofar da yawu, ko ya sami abin jin haushi. Babu wanda ya juyo. Suna rufa masa asiri ne har yanzu, kuma ya kasa gane ko tausayi ne ko hukunci.

"Dubi mutanen nan," in ji Hollis, "sun manta waƙarsu a tsakiyar titi. Kai da ka san kiɗa, me ya same su?"

"Wataƙila mai busar ne bai zo ba, ranka ya daɗe."

Hollis ya tuntsire da dariya. Alcide ya taya shi, kuma bai daina ba sai da gawar ta sha kwana.