Kofin Roba a Gindin Mangwaro

Ƙahon ya zagayo kan Don Crispín ke nan, ya miƙa hannu zai karɓa, sai Evaristo mai aski ya janye shi, ya zaro wani kofin roba sabo fil daga aljihu.

"Ga naka, maƙwabci. Uwar gidana ce ta aiko. Har da bututunsa."

Ña Petrona ce mai zuba ruwan terere, shayin ganye mai sanyi da ake sha a ƙasarsu, kamar kullum. Shekara da shekaru su uku ke zama gindin mangwaron ƙofar gidanta da hantsi, ƙahon saniya ɗaya cike da ganye, bututun ƙarfe ɗaya, kowa ya zuƙa ya mayar. A garin Villarrica ko baƙon da ya tsaya tambayar hanya ba a ware masa kofi.

Crispín ya daɗe da ciwon hanta, tun jinin da aka ƙara masa shekarar da keken shanunsa ya danne shi. Ya mai da abin raha. Duk sadda ya dawo daga gwajin jini sai ya sanar da su kamar mai karanta sakamakon ƙwallo: "Hanta ɗaya, Crispín ɗaya. An tashi canjaras." To gwajin wannan karon ya zo da sauyi. Abin da ake so ya sauka ya hau, idanunsa kuma sun yi ɗorawa, har unguwa ta fara ƙus-ƙus.

"Likita ta ce ba a ɗauka ta baki," in ji shi. "Ta jini ne. Sai dai in cizon ka zan yi, Evaristo, haƙoran kuwa sun ƙare."

Evaristo ya yi dariyar yaƙe. Crispín ya juya ya dubi Petrona. Ita kuwa, matar da duk layin ke shakkar bakinta, ranar bakin ya mutu. Jikokinta suka faɗo mata a rai. Ta sunkuyar da kai, ta zuba ruwan a kofin roba.

Ya karɓa, ya riƙe jim kaɗan, ya ajiye a gindin bishiyar. Ya kama bayan kujerarsa ya miƙe, ya shige gidansa. Bai sake fitowa ba.

Abin ya dami Petrona. Ta aika masa romon kaza da dafaffen rogo, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Aka sake gwaji, ya fi na baya muni. Celsa, ƙanwarsa mai jinyarsa, ta faɗa mata ta kan katanga.

"Likitoci sun ce mu kai shi babban birni, Asunción, ya ce ba inda za shi. Ni fa, Ña Petrona, ba gwajin nan ke cin Yaya ba. Da hantsi in ya ji ƙarar turminki kina daka ganye, sai ya juya wa ƙofa baya."

Washegari Petrona ta daka ganyenta, ta ɗauki buta da ƙaho, ta wuce Evaristo a zaune ko kallo bai ishe ta ba.

Ta tarar da Crispín kwance, ciki ya kumbura, hannuwa duk shatar susa.

"Kin zo ganin gawa? Kin yi sauri, tsohuwa."

"Rufe mini baki. Malalaci na zo gani. Tashi ka jingina."

Ta zuba ruwan farko ta ajiye ƙahon, don a al'adarsu na farko na Waliyyi Tomás ne, ba mai shan sa. Suka zuba ido busasshen ganyen na tsotse shi.

"Shi dai ba a ware masa kofi ba," in ji Crispín.

Maganar ta soke ta, ta kuma san ta cancanci haka. Ta zuba na biyu ta kai bakinsa. Ya ja kaɗan, numfashi ya ƙi, ya kasa ƙarasawa. Ba a mayar da ƙaho sai bututu ya yi ƙara, kowa ya san haka. Petrona ta karɓa, ko goge bakin bututun ba ta yi ba, ta zuƙe ragowar har ya yi ƙara.

Crispín ya daɗe yana kallon ta. Hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne.

"Hanta biyu, Crispín ɗaya," ya ce. "Amma fa tawa ƙwallon ta fi kyau."

Kullum da hantsi ta riƙa zuwa, har ya kai sai dai ta jiƙa masa leɓe da bututun. Ya cika kafin mangwaron ya nuna.

Bayan an binne shi Evaristo ya zo ya zauna, hularsa a gwiwa, ya kasa haɗa ido da ita. Petrona ta zuba ruwan farko, ta ɗora ƙahon a kan kujerar Crispín. Suka zuba ido, ruwan na sauka a hankali. Kofin robar yana nan inda Crispín ya ajiye shi a gindin bishiyar, ruwan sama ya cika shi, wani ganye na yawo a ciki.