Hatsin da Yaya Ya Zuba wa Akawal

Kafin Auta ta ƙarasa ƙofar barga, Akawal ya riga ya zube. Baƙin dokin tseren da ta shafe sati shida tana lallaɓawa kamar jinjiri, ga shi can yana birgima a ƙasa, gumi ya jiƙe shi sharkaf, yana waiwayen cikinsa yana kai masa shuri.

"Tashi! Tashi mana!"

Ta yar da jakarta, ta cafki ragama, ta ja iya ƙarfinta. Sai a ja na uku ya miƙe, ƙafafunsa suna rawa. Ta kara kunne a gefen cikinsa. Shiru. Cikin doki mai lafiya kuwa ba ya rabuwa da ƙugi.

Tana ɗagowa idonta ya faɗa kan kwamin abinci. Hatsi ne cike har rabi, busasshe, ba dusa ba komai. Ita gwangwani ɗaya take ba shi a ci guda. Wannan ya fi gwangwani goma, kuma saura ne.

Mutum biyu ke da makullin ɗakin hatsi tun rasuwar Baba. Ɗaya yana rataye a wuyanta.

Ta kira likitan dabbobi, ya ce ga shi nan, ta kwashe abincin, ta riƙa zagayawa da dokin, kada ta bari ya sake kwanciya. Tana zagaye na huɗu a tsakar fili sai ga yayanta ya fito daga gida, kofin shayi a hannu.

"Ke, lafiya kike ihu da sassafe?"

"Yaya, wa ya zuba wa Akawal hatsi?"

Ya kurɓi shayi. "Ni ne. Ko laifi ne mutum ya ciyar da dokin ubansa?"

"Tun yaushe?"

"Yau kwana uku. Bokiti ɗaya kafin ki iso. Yau dai na ƙara masa, na ga yana ci da marmari."

Auta ta tsaya cak. Ba don ragamar da ke hannunta ba, da ba ta san abin da za ta yi da hannun ba.

"Bokiti! Dokin da ya dawo mana fata da ƙashi ka ɗura wa bokiti? Cikin doki ɗan mitsitsi ne, Yaya, kuma ba ya amai! Abin da ya shiga ya shiga!"

"Kada ki ɗaga min murya, na girme ki. Sati shida kina wasa da gwangwani kamar mai kiwon tattabaru. Ranar Lahadi a filin tsere abokaina suka tsaya suna ƙirga haƙarƙarinsa suna dariya. Wani ya ce in rataya masa riguna, ya fi kama da maratayi. Ke kina gida, ni na sha kunyar."

"Wa ya ba da aronsa wata huɗu ga wanda bai san komai ba sai bulala? Ni ce?"

Yaya ya kau da kai.

"Ni na karɓe shi yana tangaɗi," ta ci gaba, tana jan dokin tana magana. "Haƙoransa sun yi tsini suna yankar kumatu, in ya tauna ciyawa sai ya tofar, na sa aka goge su. Na ba shi maganin tsutsa. Ci biyar a rana, kaɗan-kaɗan, busasshiyar ciyawa ba ta yankewa a gabansa, ɗan mai a cikin dusa. Duk sati ina zagaya ƙirjinsa da tef ɗin awo. Yatsa uku ya ƙaru, Yaya, yatsa uku! Ka san wahalar yatsa ɗaya?"

"Yatsa uku a sati shida. A haka sai jikokinmu su hau shi."

"To ga naka nan na kwana uku, kalle shi! Garin neman ƙiba ka samo mana rama."

Akawal ya lanƙwashe gwiwa zai kwanta. Auta ta fizgi ragama, amma nauyin ya fi ƙarfinta.

"Tura shi ta baya! Ajiye kofin nan ka tura!"

Kofi ya faɗi ya tarwatse. Yaya ya sa kafaɗa ya tura, farar rigarsa ta kwashi gumi da ƙasa, har dokin ya daidaita.

A haka likita ya same su. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya duba dasashi, ya saurari ciki, ya yi allura, sannan ya zura dogon tiyo ta hancin dokin. Wani ruwa mai tsami ya kwararo cikin bokiti, warinsa ya sa Yaya ya toshe hanci.

"A'a, Alhaji, shaƙa da kyau," in ji likita. "Girkinka ne."

"Zai tashi?" Auta ta tambaya.

"In ya yi kashi kafin azahar, mun tsallake ɗaya. Na biyu ƙafafu ne. Hatsi mai yawa kan jawo ciwon kofato, in ya kama shi, tsere sai dai ya gani a talabijin. Ki tsoma ƙafafunsa a ruwan ƙanƙara. Hatsi kuwa ko ƙwaya ɗaya kada ya gani sai na ce."

Awa uku suna fama. Yaya ya yi sawu huɗu yana ɗauko ƙanƙara, Auta ba ta ce masa sannu ba ko sau ɗaya. Rana ta take tsaka lokacin da Akawal ya ɗaga wutsiya ya sauke abin da suke jira. Auta ta zauna daɓas a kan buhun dusa, ta rufe fuska. Da ta tashi ta ɗauko tef ta zagaya ƙirjinsa, ko da yake ta san ba lokacin awo ba ne. Ta duba, ta naɗe tef ɗin, ta miƙa wa yayanta tafin hannu.

"Makulli."

"Auta, ni fa alheri na nufa."

"Makulli, Yaya."

Ya ciro shi daga aljihu ya ajiye mata.

Tana ɗaura shi a igiyar wuyanta sai wata farar mota mai jan akwatin ɗaukar doki ta tsaya a bakin ƙofa. Wata mata doguwa ta fito, sanye da rigar aiki da takalman roba, takarda a hannunta. Ba wanda ya taɓa ganinta. Ta wuce su kai tsaye, ta tsaya gaban Akawal, ta dubi haƙarƙarinsa, ta dubi ƙafafunsa cikin bokitai, ta dubi wani hoto a wayarta.

"Shi ne," ta ce. "Daga hukumar kare dabbobi nake. An kawo mana ƙara daga filin tsere cewa ana horar da dokin nan da yunwa, kuma an ba ni izinin tafiya da shi yau. Wa ke da alhakin ciyar da shi?"

Yaya ya dubi makullai biyun da ke wuyan ƙanwarsa, ya ja da baya taku ɗaya.