Ranar da Dutse Ya Ba da Labari

Dutse ya saki birkin gadon, tayar baya ta yi ƙarar nan da ta saba. Abokin aikinsa Rediyo ne kwance a kai, baki a karkace, ido ɗaya yana bin silin. Ɓarin jikinsa ya shanye, maganar ma ta tafi.

Tun suna samari suke tura marasa lafiya a asibitin nan, Rediyo ta wajen kai, Dutse ta wajen ƙafa. Rediyo ko sauro ya gani sai ya tambaye shi mutanen gida. Dutse kuwa sai ya wuni bai ce uffan ba, har ana tsokanarsa wai aron bakin ya yi. Yadda aka yi suka shaƙu, Allah kaɗai ya sani.

"Ɗakin ƙarshe za ka kai shi," in ji nas, ƙasa-ƙasa. "Likita ya ce ba sauran abin yi. Don Allah kada ya gane."

Ɗakin ƙarshe na waɗanda aka fid da rai da su ne. In za su kai mutum can, suna da dabararsu: Rediyo ya sunkuya ya cika shi da labaran tsofaffin littattafan da yake karantawa, har a sha kwanar ɗakin bai lura ba.

Yau babu mai sunkuyawa. Dutse ya koma wajen kai ya tura. Da kwanar ta matso sai ya yi gyaran murya.

"Mutumina, ka tuna labarin nan naka? Na jarumin nan da yaron dokinsa. Wai suna tafe, sai... sai suka ga rijiya. A'a, kogi ne."

Idon ya bar silin ya dawo kansa. Hawaye ya gangara ya shige kunne. Dutse bai taɓa ba da labari ba, kuma labari a wannan kwanar ma'anarsa ɗaya ce.

Ya tsayar da gadon.

"Ka yafe mini. Wallahi ban iya ba."

Hannun nan mai lafiya ya lalubo rigarsa ya ja shi ƙasa. Sannan yatsa ya juya a iska, alamar da Rediyo kan yi masa in ya tsaya da gado: ci gaba.

Dutse ya goge fuska da hannun riga, ya sunkuya.

"To, kogi ne," ya ce, ya sha kwanar.