Keken Malam Attahiru a Hanyar Kebbe

Malam Attahiru na Jabo bai iya zama ba. Tun yana saurayi haka yake, tsufa kuma bai gyara shi ba. Da gari ya waye sai ya fito da kekensa, ya danna tayoyin da babban yatsa, ya kama hanya. Ba ya bin kwalta. Ya ce kwalta ta masu gaggawa ce. Hanyoyin burji yake bi, waɗanda suka ratsa gonaki suka hau tuddai suka nufi ƙasar Kebbe, inda mutum zai yi tafiya mai nisa bai gamu da kowa ba sai shanu da zabi.

Tuƙi bai gagare shi ba. Hawa ne ya gagare shi. Gwiwarsa ta dama ta daina ɗaguwa ta tsallake ƙarfen tsakiya. Sai ya kife wani tsohon turmi a ƙofar gida, ya riƙa taka shi yana ɗora kansa bisa sirdi. In ya hau, ya hau. In kuwa ya sauka inda babu abin takawa, ya koma mai tura keke.

Sau biyu ana dawo da shi gida a bayan babur, keken a gicciye bisa cinyarsa, mutanen unguwa suna kallo. A na biyun, babban ɗansa Mannir ya same shi a zaure, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, in anka ƙara ɗauko ka bisa hanya, keken nan rataye shi za a yi. Ba rashin kunya ba na."

"Kai za ka rataye shi?"

"Ni da ƙannenka. Mun yi magana."

Malam ya san Mannir ba ya faɗin magana sau biyu. A wurinsa ya gado.

Ya yi kwanaki yana zaman gida. Ya gyara danga da ba ta lalace ba. Ya yi wa awaki faɗa, ya yi wa masu awakin faɗa. Ya shiga ɗaki ya fito, ya koma ya sake fitowa. Ran nan da safe, lokacin kaka ne, an fara yankan gero, ya ɗauko wani tsohon lauje ya ɗaure a kariyar keke.

Matarsa Hadijatu ta leƙo daga madafa.

"Malam, ina zuwa kuma?"

"Maƙera."

"Ga maƙeri nan bayan masallaci."

"Wannan bai iya lauje ba. Na wajen Kebbe ni ka nema."

"Laujen da ko ciyawa ba ka yanka da shi?"

Ya riga ya taka turmi.

Da ya bar gari ya hau burji, sai ƙirjinsa ya buɗe. Tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya. Dawa ta yi tsayi dama da hagu, kawunanta sun sunkuyo. Ruwan damina ya ci gefen hanya, ya bar ramuka da yashi, amma Malam ya san inda ake bi. Ya riƙe tsakiya inda jar ƙasa ta daskare. Ya hau tudu na farko a hankali, yana danna feda, yana jin gwiwar tana gunaguni. Bai kula ta ba. Daga bisa tudun ya hangi fadama da giginyu, da wata hanyar da ta ɓalle ta yi gabas. Ya daɗe yana son ya ga inda take ƙarewa. Ya ce yau ba ranarta ba ce, ya gangara.

Dabararsa ɗaya ce: kada ya sauka. In ya ga masu aiki a gona ya ɗaga hannu ya ce sannunku, ya wuce. Duk ƙannensa ne ko 'ya'yansa, babu wanda zai ce ya yi laifi. A ƙasar nan waɗanda suka girme shi sun kusa ƙarewa.

Hantsi ya yi sosai lokacin da ya shawo wata kwana ya ga shanu sun cika hanya. A bayansu wani dogon mutum ne da sanda a kafaɗa da malfa. Tun daga nesa Malam ya gane tafiyar.

Na'iya ne, mahaifin Hadijatu.

Malam ya girmi Na'iya nesa ba kusa ba. Ya san shi tun yana yawo ba wando. Amma bayan rasuwar uwar Mannir, 'yar Na'iya ya aura, kuma tun ranar Na'iya ya zama Baba. Suruki ba a gaishe shi daga bisa keke. Ba a taɓa yi ba. Malam ya duba dama, dawa. Ya duba hagu, dawa. Ya yi tunanin ya sunkuyar da kai ya wuce kamar bai gani ba, sai ya ji kunyar tunanin ma ta kama shi.

Ya ja birki. Ya karkata keken, ya zame ƙasa, ya janyo ƙafar da hannu. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa iyakar inda gwiwa ta yarda.

"Baba, barka da hantsi."

"A'a, a'a, Malam, tashi don Allah. Tashi. Barka kadai. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Yaya shanu?"

"Sun gode. Yaya mutanen gida?"

"Lafiya lau suke."

Babu wanda ya ambaci sunan Hadijatu. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, suka sake ɗauko ta daga farko. Malam ya miƙe, ya sa takalmi, ya kama keke. Ya hangi wani kututturen kuka a bakin hanya, ɗan gaba kaɗan, daidai tsayin turminsa. Ransa ya ɗan kwanta. Abin da ya rage Na'iya ya bi shanunsa ya ba shi baya.

Na'iya bai tafi ba. A ganinsa, dattijon da ya girme shi ba a juya masa baya a bar shi tsaye a hanya.

"Bismilla, Malam, hau."

"A'a, Baba, ku wuce tukuna."

"Haba. Ni in wuce in bar ka? Hau in ga tafiyarka."

"Ba a gabanku ba."

Suka tsaya. Wata saniya ta juyo ta dube su. Malam ya fara tura keken don a rabu. Sai Na'iya ya sauke sanda daga kafaɗa ya jera da shi.

"To bari in taka maka."

"Baba, shanu."

"Sun san hanya."

Suka wuce kututturen kukar. Malam ya bi shi da wutsiyar ido har ya koma bayansu. Na'iya yana ba shi labarin ruwan bana, da tsutsar da ta shiga wake, da wani bijimi da ya karye a ƙafa. Malam yana cewa awo, awo. Suka wuce wani dutse mai faɗi. Suka wuce bakin wata kwalbati. Kowanne da zai yi. Gumi ya jiƙa masa hula.

"Baba, rakiyar ta isa hakanan."

"Ɗan gaba kaɗan."

Allah ne ya kawo wata mata da ta ƙwala ihu daga nesa, wai shanu sun faɗa dawa. Na'iya ya yi salati, ya yi sallama a gurguje, ya juya da gudu yana kiran shanun da sunayensu.

Malam ya duba inda aka bar shi. Fako ne bisa tudu, shimfiɗe, jar tsakuwa har iyakar gani. Babu itace, babu dutsen kirki, sai sabara nan da can. Komawa wajen kwalbati, komawa idon Na'iya ne. Ya yi gaba.

Ya tura. Rana ta hau. Ya ga wani ƙaramin suri a gefen hanya, ya jingina keken, ya taka. Surin ya ruguje da shi, gara ta watsu bisa ƙafarsa. Ya tara tsakuwa da gefen takalmi ya yi ɗan tudu, ya taka, ta baje. Ya gwada yadda yake yi a da, ƙafar hagu a feda, ya tura ya wurga ta dama. Gwiwar ta tsaya a rabi kamar an ɗaure ta. Da ƙyar ya tsira bai kife ba.

Ya tsaya yana haki. Sai ya ji ƙara daga bayansa, can ƙasan tudu. Babur.

Duk ɗan kabu-kabun da ke bin hanyar nan Jabo yake kwana. In ya same shi a ƙasa yana turawa, ba zai wuce ba. Zai tsaya, ya yi ta magiya, ya ɗora shi. Ko bai ɗora shi ba, labari zai riga shi isa gida.

Malam ya sake wurga ƙafa da ƙarfin zuciya. Rigarsa ta kama sirdi, keken ya kuɓuce ya faɗi warwas, feda ta karce masa ƙwauri, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Ya zagi keken. Ya tsallake shi don ya kama hannun daga wancan gefe. Ƙafa ɗaya ta wuce, sai ya tsaya cak. Ƙarfen da ya gagare shi yana kwance a ƙasa tsakanin ƙafafunsa.

Ƙarar tana matsowa. Ya tattare riga ya cusa a wando. Ya sunkuya ya kama hannun keken, ya ɗago shi a hankali, yana ja da ƙafa, yana ɗagowa, har keken ya miƙe a ƙarƙashinsa. Ko yaro ba ya hawa haka. Ya taka feda, ya tura, keken ya yi tangaɗi, ya yi kamar zai shiga sabara, ya daidaita.

Babur ya iso gefensa ya rage gudu. Namadi ne, maƙwabcin Mannir, da buhu biyu a baya.

"Baba Malam! Har nan? Lafiya dai?"

"Ka ga rashinta?"

"A'a. Na ga jini ga ƙafarka. Kuma ina takalminka guda?"

Malam ya ci gaba da danna feda, idonsa a hanya. Namadi ya waiga, ya juya babur, ya koma. Jim kaɗan ya dawo da takalmin a hannu.

"Tsaya ka sa."

"Rataya shi nan."

Namadi ya matso, ya saƙala takalmin a hannun keke, suna tafe.

"Baba, in Mannir ya tambaye ni, mi zan ce?"

"Mi kag gani?"

"Na ga jini, na ga..."

"Bisa kag gan ni ko ƙasa?"

Namadi ya dube shi. "Bisa."

"To."

Namadi ya girgiza kai, ya ja mai, ya wuce. Ƙararsa ta yi nisa ta ɓace.

Ƙwaurin yana zafi. Ƙarfen feda yana cin tafin ƙafar da babu takalmi. Fako ya ƙare, hanya ta fara gangara zuwa wani kwari da Malam bai taɓa shiga ba, rufin kwano yana ƙyalli can ƙasa cikin itatuwa. Bai san sunan garin ba. Ya ɗauke yatsunsa daga birki.