Gwangwanin Karyayyun Allurai

Ranar hutar da allurai, telolin birnin Kyoto na Japan suka taru a haikali, kowa na soke karyayyun alluransa cikin awara mai laushi don su huta da wahalar shekara. Masu ɗinkin kimono, rigarsu ta gargajiya, sun zo da uku-uku, huɗu-huɗu. Kazue Tokumaru kuwa gwangwani guda ta dire, cike fal.

Tsohuwa Mitsu, wadda ta koya mata riƙon allura, ta leƙa ciki ta taɓe baki.

"Ke 'yar nan, ɗinki kike yi ko ƙira? An ce har tamfol kike ɗinka wa mutane."

"Har da ragar masunta, Goggo."

"Shekara hamsin ina kan siliki, allura goma ban karya ba. Wa zai sa wannan shirmen?"

Kazue ta nuna ƙofa da haɓa. Jikar Mitsu ce ke shigowa cikin baƙar rigar tamfol, hannun rigar ɗaya har gwiwa. Tsohuwar ta cafko ta, ta juya kafaɗar rigar, ta bi zaren da farce. Ta ɗago kai.

"Wannan ƙullin ai nawa ne."

"Naki ne, Goggo," in ji Kazue. "Kin taɓa ganin ya warware?"