Wanda Ya Jiƙa Shi Ke Fara Kurɓa

Shanu goma sha tara mijina Malam Hadi ya mutu ya bar mani a Tafoki. Ɓarayin daji suka kore sha bakwai a damina ɗaya. Guda na sayar muka ci hatsi da jikoki. Saura karsana ja, mai cikin fari wata shida.

Da ruwa ya zauna sai ta fara zawo, gashi ya tashi, ƙasan haɓa ya kumbura. Ba sai an gaya mani ba, tsutsar ciki ce. Shekara arba'in ina kallon Malam yana yi masu magani: ya sassaƙo ɓawon maɗaci, ya jiƙa kwana biyu da 'yar kanwa, ya tace. Kuma bai taɓa ɗura wa dabba ba sai ya kurɓa ya ji ɗacin a harshenshi. Haka ubanshi ke yi. Wanda ya jiƙa shi ke fara kurɓa, kowa ya san wannan.

To amma itatuwan suna cikin daji, dajin kuwa yanzu ba namu ba ne.

Aka ce mani akwai wani Almu a kasuwar Ƙanƙara mai sayar da jiƙo a robobi. Na hau mashin na je. Na ce, "Ɗan nan, maɗaci ne zalla?"

"Zalla, Iya. Daga Sabuwa ake kawo mani ɓawon."

Da safe na ɗura mata. Kafin azahar tana rawar jiki, kumfa na zuba a baki. Ta yar da ɗan, ta faɗi. Maƙwabci ya rugo ya sa mata wuƙa, amma naman ko kare ban yarda ya ci ba, rami muka yi. Wani tsohon makiyayi ya sunsuni ragowar jiƙon ya ce akwai samberu a ciki, itacen da ganyenshi kawai ke kashe raƙumi. Ashe wurin masu gawayi Almu ke sayen ɓawo buhu-buhu, busasshe, a gauraye.

Kasuwa ta zagayo na koma da robar, na kai ƙara wurin sarkin kasuwa, Alhaji Harisu. Na ce karsana nake so madadin tawa, ba haƙuri na zo karɓa ba.

Aka kirawo Almu. Ya rantse nashi lafiya lau ne.

Na miƙa mashi robar. "To bismilla. Kurɓi."

"Haba Iya, ni saniya ne?"

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba.

"Saniya ta fi ka, ita ba ta kashe kowa ba. Ka ɗanɗana kafin ka sayar mani?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da hula. Na ce alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Sai Alhaji Harisu ya gyara zama ya ce, "To ke Hajiya Suwaibatu, da kika san al'adar, kin ɗanɗana kafin ki ɗura?"

"Alhaji, ni na jiƙa?"

"Amma hannunki ya ɗura."

Ban ɗanɗana ba. Wannan gaskiya ce, kuma tana cina kullum. Amma ina aka taɓa cewa mai saye ya gwada guba da bakinshi?

Alhaji ya karɓi robar ya ce abu mai haɗari bai kamata ya zauna cikin jama'a ba. Ya tuttular a kwata ina kallo. Ya ce ƙaddara ce, Almu ya ba ni haƙuri, magana ta wuce. Almu ya durƙusa ya ce, "Ki yafe, Iya."

Na ce ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba.

Na koma gida na tone ramin, na ciro ƙahonnin. Duk ranar kasuwa ina shimfiɗa buhu gefen rumfar Almu, in aje su a gabana, duk wanda ya tsaya in gaya mashi. Sati bakwai ke nan. Suna saurare, suna girgiza kai, suna cewa Allah ya mayar da alheri.

Jiya wani dattijo daga Mairuwa ya ji labarina har ƙarshe. Ya ce maruƙanshi biyu na zawo, maganin asibiti ya fi ƙarfinshi, daji kuma ba ya shiguwa.

Ya sayi roba biyu wurin Almu.