Direban Aro

Abin alfaharin Malama a duniya shi ne ɗan tsarin kwamfutar da ta ƙera da hannunta don koyar da ɗalibai. Cibiyarsa 'yar mitsitsiya ce, ba ta da aiki sai kai saƙo. Kowane direba, wato shirin da ke magana da kibod ko allo ko faifai, yana zaune a ɗakinsa daban, ba ruwansa da na kusa. Komai tsaf-tsaf. Aibinsa ɗaya, bebe ne, ko tari bai taɓa yi ba.

Ba wanda ya damu da haka sai bana, da wani ɗalibi makaho ya shigo ajin. Lauya ake kiransa, don ba a gama magana a gabansa bai ce "amma fa" ba. Yana da manhajar da ke karanta masa rubutu, sai dai a tsarin Malama ba ta da bakin magana, tunda babu direban sauti.

Shugaban sashe ya kira ta ofis, yana juya makullin mota a yatsa.

"Malama, in injin nan bai yi magana ba kafin a fara aikin hannu, sai mu mayar da yaron wani darasin. Ba mugunta ba ce."

"Ranka ya daɗe, shi ne fa ya fi kowa ganewa."

"Na sani. To ki sa injin ya yi magana."

Ranta ya ɓaci sosai. Rubuta sabon direba zai cinye zangon karatu kaf, don haka ta yi abin da ta sha rantsuwa ba za ta yi ba: ta je aro. Ta ɗauko direban sauti daga wani babban tsari da kowa ke da izinin ɗiba. Matsalar ita ce baƙon ya saba da gidansu, motsi kaɗan sai ya kira a miƙo masa wani abu. Sai ta shirya masa ɗaki mai kama da na gida, inda duk abin da ya nema za a amsa. Ta rubuta amsoshi har ta gaji, sauran kuma ta sa a riƙa ce masa "to" kawai.

Ran Asabar da rana ta gwada a teburin cin abinci, maigidanta yana gefe yana gugar kayan makarantar yara. Lasifikar ta saki wata irin ƙara, 'yarsu Auta ta toshe kunne, kyanwa ta bi ta taga.

"Subhanallahi! Maman yara, me kika yi wa injin nan?"

Ta yi masa bayani. Ya ajiye dutsen guga yana dariya.

"Ai wannan irin 'to' ɗin da nake ce miki ne in ina kallon ƙwallo."

Ta jefe shi da matashi, amma ta koma ta bi "to" ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ashe a cikinsu har da inda direban ke cewa a dakata masa na'urar ta shirya, ana ce masa "to" ba a dakata ba. Ta gyara. Kwamfutar ta karanta layin farko da wata murya ta hanci, Malama ta tashi ta taka rawa, Auta na tafa mata.

Ranar aikin hannu Lauya ya zauna, ya shafa kibod, ya saurara.

"Amma fa Malama, mura yake yi."

Aji ya kwashe da dariya. Har shugaban sashe, da ya zo ya jingina da ƙofa, sai da ya murmusa.

Darasin ranar shi ne kowa ya kashe direba ɗaya da gangan, ya ga tsarin bai faɗi ba, kuma shirin da ke gadi ya tayar da wanda ya mutu. Sai dai Malama ba ta taɓa gwada haka da baƙon direban ba. Ta sunkuya kusa da Lauya ta rage murya.

"Lauya, kai kashe na faifai. Kar ka taɓa na sauti."

"Amma fa Malama, in ya mutu da kansa ranar da ba kya nan, wa zan kira? Gara na sani yau."

Kafin ta ce uffan ya danna. Muryar ta yanke a tsakiyar kalma.

Makullin shugaban sashe ya daina juyawa a yatsarsa. Kowa na da allo a gabansa, shi kuwa ba abin da ya rage masa sai hannuwansa a kan kibod. Malama ta ji tsoro na gaske, ta kama bayan kujerarsa tana addu'a a zuci.

Lasifikar ta ce ƙas. Sai ga muryar hancin nan ta dawo, tana sanar da cewa an tayar da direban sauti.

Ɗalibai suka hau dukan tebur. Malama ta juya baya ta goge ido da gefen mayafi, ta juyo za ta yi wa Lauya barka, sai ta tarar ya sake kashe direban, yana ta washe baki yana jira. Muryar ta sake dawowa.

"Lauya! So kake ka kashe ni?"

"A'a Malama, ni na gama," in ji shi. "Je ki taimaki masu ido, tun ɗazu nake jin na bayana yana tsaki."